Ajin Shirin Aure na Wata Majami'a a Zuru: Koyarwa Mai Nauyi da Ke Zuwa a Makare

A yawancin majami'un ƙasar Zuru a yau ba a ɗaura wa saurayi da budurwa aure sai sun zauna gaban fasto an yi musu gargaɗi, amma abin da ake kira gargaɗin ya bambanta ƙwarai daga wuri zuwa wuri. A wasu wuraren zama ɗaya ne ko biyu a makon biki, lokacin da hankalin amarya yana wurin tela, na ango kuma yana wurin masu hayar kujeru da rumfa, sai a karanta musu aya biyu, a yi addu'a, a sallame su. Wata majami'a a cikin garin Zuru ta bi hanya dabam, domin ta mayar da abin aji sosai wanda ake yi kowace Asabar da yamma har kusan wata 3, ta kuma haɗa shi da taron ma'aurata sau ɗaya a wata. Na zauna a ajin ne a matsayin wakilin ɗan ƙanena wanda mahaifinsa ya rasu, tun da ana barin iyaye da wakilai su zauna a baya a yawancin darussan, taron ma'auratan kuwa ni da uwargidana muna zuwa da ƙafarmu. Ba zan ambaci sunan majami'ar ba, saboda zan faɗi inda na ga an gaza, kuma ba niyyata ba ce in nuna wani bawan Allah da yatsa.

Ajin ya cancanci lokacin da ake ba shi, har ina ganin ya fi yawancin tarurrukan aure da na taɓa zama a cikinsu, domin ba ya jin kunyar maganar kuɗi, da ta surukai, da ta jini. Babban aibinsa shi ne lokacin da ake shigar da mutane cikinsa, wato yawanci bayan an riga an sa rana. Ana yin darussan a ɗakin Makarantar Lahadi, a kan bencin yara, kuma a watannin zafi kafin saukar damina zaman awa 2 a wurin sai mai haƙuri. Ba a biyan kuɗin koyarwa, sai na ɗan littafin da ake rabawa da na gwajin asibiti. Masu koyarwar su ne Baba Rabaran, wato faston majami'ar, da matarsa wadda kowa ke kira Mama, da wani dattijo daga kwamitin aure, da wata ma'aikaciyar jinya 'yar Zumuntar Mata, da wani tsohon akawun kotu da ya yi ritaya. Da Hausa ake koyarwa, ko da yake dattijon nan yakan juya zuwa Dakarci idan yana so magana ta shiga sosai.

Darasin farko ya ɗauko zancen ne daga golmo, al'adar Dakarkari wadda saurayi yake yi wa iyayen yarinya noma shekara da shekaru, bisa al'ada har shekara 7, kafin a ba shi ita. Baba Rabaran ya jera wannan kusa da labarin Yakubu a Farawa sura 29, wanda ya yi wa Laban barantaka shekara 7 saboda Rahila, shekarun kuma suka zama masa kamar 'yan kwanaki saboda ƙaunar da yake yi mata. Ba ya kira a koma ga golmo, bai kuma ɓoye wahalar da ke cikinsa ba, amma ya nuna abin da aka rasa da al'adar ta ja baya. A gonar suruki ake gane rago da mai ƙwazo, a gane mai saurin fushi, a gane wanda zai gudu idan rana ta take. Yau kuwa yaro da yarinya suna iya haɗuwa a makaranta ko a Facebook, su yi wata 6 suna hira a waya, iyaye su ga yaron sau biyu cikin kaftani mai guga, shi ke nan a fara maganar sadaki. Abin da ajin yake ƙoƙarin yi, a fahimtata, shi ne ya cike wannan gurbi, ya ba mutum biyu da danginsu damar sanin juna kafin alkawari. Ya kuma tuna wa matasan cewa gidan Yakubu, duk da ƙaunar nan, bai zauna lafiya ba, saboda kishin da ya shiga tsakanin Lai'atu da Rahila ya bi 'ya'yansu har girma. Wannan gyara ne mai kyau, domin masu wa'azin biki sukan tsaya a kan shekara 7 ɗin su bar sauran labarin.

Daga nan aka shiga Farawa 2:24, inda aka ce mutum zai rabu da mahaifinsa da mahaifiyarsa ya manne wa matarsa su zama jiki ɗaya. A ƙasar da yawancin angwaye suke kai amarya cikin gidan gandu, ɗakinta yana kallon na uwar miji, turmi ɗaya, rijiya ɗaya, wannan aya ba ƙaramar magana ba ce. Mama ce ta koyar da wannan darasi, kuma ta yi shi da hikima. Ba ta ce wa kowa ya bar gidan ubansa ba, domin ta san ba kowa ne yake da kuɗin haya ba, ta kuma san umarnin girmama iyaye bai faɗi da aure ba. Abin da ta nace a kai shi ne tukunya da shawara su zama na miji da mata, kuma idan saɓani ya taso tsakanin amarya da uwar miji, ɗan ne zai tsaya ya yi wa mahaifiyarsa magana cikin ladabi, ba ya zame ya bar mata biyu su kara ba. Ta ce wa 'yan matan kuma kada su riƙa kai kowace ƙaramar magana gidansu, domin mace takan yafe wa mijinta cikin dare ɗaya, amma mahaifiyarta takan riƙe maganar shekara goma. Wata uwa da ke zaune kusa da ni ba ta ji daɗin darasin ba ko kaɗan, ta tashi ta ce, "Mama, to mu da muka haife su fa, mun zama baƙi ke nan?" Aka amsa mata cewa kulawa da ita wajibi ne a kan ɗanta har ƙarshen ranta, amma mulkin ɗakinsa ba nata ba ne. Ban tabbata ta gamsu ba, sai dai ya fi kyau ta ji maganar a majami'a kafin biki da ta ji ta a bakin surukarta bayan biki.

A kan Afisawa sura 5 ba zan daɗe ba. Ya isa in ce an fara karatun daga aya 21, wadda ta ce a yi wa juna biyayya saboda tsoron Almasihu, ba daga aya 22 da ta ce mata su yi wa mazansu biyayya ba kamar yadda aka saba, kuma an ɗauki lokaci mai tsawo a kan aya 25 da ta ɗora wa miji ƙaunar matarsa kamar yadda Almasihu ya ƙaunaci ikilisiya har ya ba da ransa dominta. Samarin da suka zo da shirin jin an ce su ne kai sun ji, amma sun ji nauyin da ke tattare da hakan.

Darasin da ya fi kowanne tasiri a idona shi ne na kuɗi. Aka raba wa kowa takarda, aka raba samari da 'yan matansu zuwa ɓangare biyu na ɗakin, aka ce kowa ya rubuta abin da yake samu a wata ko a kaka, da bashin da ake binsa, da adashin da yake zubi, da mutanen da yake ɗauke da nauyinsu, tun daga kuɗin makarantar ƙanne har maganin tsoho. Sa'an nan aka ce kowa ya miƙa wa wanda zai aura. Ɗakin ya yi tsit na ɗan lokaci, ba ka jin komai sai motsin takarda. Na ga wata yarinya ta karanta, ta ninke takardar, ta sake buɗewa ta karanta, sa'an nan ta dubi saurayinta, shi kuwa ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin babur. Daga baya shi da kansa ya faɗa a aji cewa babur ɗin da yake zuwa zance da shi na bashi ne, ana cire kuɗinsa daga albashinsa kowane wata, kuma bai taɓa gaya mata ba. Ba a yi masa dariya ba, Baba Rabaran ma yaba masa ya yi, ya ce gara yau da bayan wata uku, lokacin da za ta tambayi kuɗin cefane a ce mata babu.

A wannan darasi ne aka yi maganar lefe, da anko, da hayar ɗakin taro, da ciyar da jama'a, da yadda ango yakan sayar da amfanin gonarsa tun yana tsaye ko ya ci bashi mai ruwa domin bikin yini ɗaya, amarya ta shiga gida rumbu babu ko dami. An sa kowane ango da amaryarsa su rubuta lissafin biki gefe ɗaya, lissafin zaman wata 6 na farko ɗaya gefen, kuma aka ce idan na farkon ya cinye na biyun to a koma a rage. An taɓa abin da yake yawan kawo rigima a ƙauyukanmu, wato waken mace ko gyaɗarta ko akuyarta, ko maigida yana da ikon sayarwa ba da saninta ba. Amsar ita ce zama jiki ɗaya bai zama lasisin ƙwace ba, kuma abin da aka haɗa a haɗa shi da yarda. Sun yi maganar zakka da baikon da ake bayarwa a majami'a, amma ba su mai da darasin wa'azin tara kuɗi ba, na kuma yaba musu a kan haka, don na sha ganin akasinsa. Inda na ga giɓi shi ne ba a gayyaci iyaye musamman zuwa wannan darasi ba, alhali kuwa yawancin tsadar biki daga wurinsu take fitowa. Yarinya tana iya yarda a rage akwatunan lefe, amma gwaggonta ba za ta yarda a ce 'yar gidansu ta tafi da abin da bai kai na 'yar maƙwabta ba.

Wani abin da ya nuna cewa masu tsara ajin sun san ƙasarsu shi ne darasin auren nesa. Kowa ya san yawan 'ya'yan Zuru da ke aikin soja, ga kuma 'yan sanda da malaman makaranta da ma'aikatan da ake turawa Birnin Kebbi ko Yawuri ko Argungu, har da waɗanda ke Kaduna da Abuja. Mace tana iya yin wata da watanni ba ta ga mijinta ba, kuma a cikin wannan tazara ne gulma da zargi da jaraba suke samun wurin zama. An ba da shawarwari masu kama hankali: a tsayar da lokacin kira, a aika wa matar kuɗin gida kai tsaye ba ta hannun wa ko ƙane ba, a rubuta sunanta a takardun aiki a matsayin magajiya, kuma kada ɗayansu ya riƙe waya da lambar sirrin da ɗayan bai sani ba. Wannan na ƙarshe ya jawo muhawara, samari da yawa suka ƙi, aka bar maganar ba a kai ƙarshenta ba.

Darasin lafiya kuwa shi ne ya fito da ƙarfin ajin da kuma rauninsa a lokaci guda. Ma'aikaciyar jinyar ta ɗauki alli ta zana gida huɗu a allo, ta rubuta A da S a sama, A da S a gefe, A na lafiyayyen jini, S kuwa na sikila, kowa yana gadon ɗaya daga uba ɗaya daga uwa, ta cike gidajen ɗaya bayan ɗaya: AA, AS, AS, SS. Ta bayyana cewa idan miji da mata duka AS ne, to kowane ciki da aka ɗauka yana da kashi 25 cikin 100 na zama SS, wato sikila ko amosanin jini, ta kuma jaddada cewa wannan ba ya nufin ɗa ɗaya cikin huɗu a jere, domin ana iya haihuwar uku a jere duka masu ciwon, ana kuma iya haihuwar biyar babu ko ɗaya. Ta ce Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya yawan jariran da ake haifa da wannan ciwo, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar yana ɗauke da S ba tare da ya san da shi ba, tun da mai AS lafiyarsa ƙalau. Ta yi bayanin gwajin ƙanjamau da na ciwon hanta nau'in B, da cewa akwai rigakafin ciwon hantar ga wanda bai kamu ba. Ta kuma yi maganar matar da rukunin jininta yake da alamar ragi alhali na jaririnta mai alamar tarawa ne, wadda take buƙatar wata allura cikin awa 72 bayan haihuwa domin kare cikin da zai biyo baya. Ban taɓa jin an bayyana waɗannan abubuwa da Hausa a sarari haka ba, ko a asibiti.

Matsalar ita ce wannan darasi yana zuwa a tsakiyar ajin, ajin kuma yawanci ana shigarsa ne bayan an kai gaisuwa, an biya sadaki, an sa rana, wasu ma har an buga katin gayyata an fitar da anko. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Me ake so yaro da yarinya su yi idan sakamako ya fito AS da AS alhali saura mako 5 biki, dangi sun riga sun sayi atamfa, kuma an fara sanarwa a sujada? Majami'ar ba ta hana irin wannan aure da ƙarfi, tana dai zaunar da su ta faɗa musu gaskiya, ta sa su yi addu'a su yanke shawara, kuma ina ganin hakan daidai ne, domin hukuncin nasu ne. Amma shawarar da aka yanke a ƙarƙashin kunyar jama'a da asarar kuɗi ba shawara ce ta 'yanci ba. Haka abin yake ga takardar bashi, haka yake ga wanda ya gano cewa wadda zai aura ba za ta taɓa yarda ta zauna a gidan gandu ba. Duk abin da ajin yake tonowa abu ne da ya kamata a sani kafin a sa rana. Na faɗa wa Baba Rabaran wannan, ya ce, "Malam, mun sani, amma ba sa zuwa wurinmu sai sun gama komai a gida." Gaskiya ya faɗa, sai dai ikilisiya tana da abin yi a kai. Tana iya ƙin karɓar kowace rana da aka sa kafin a kawo sakamakon gwaji, tana kuma iya koyar da rabin waɗannan darussa a Zumuntar Matasa tun kafin kowa ya tsayar da wanda zai aura.

Tsohon akawun kotun ya yi darasi ɗaya a kan doka, kuma ya isa. Ya bayyana cewa auren da ake ɗaurawa a ƙarƙashin Dokar Aure ta tarayya yana farawa da ba da sanarwa a ofishin magatakardar aure, a jira kwana 21, kuma a ɗaura shi cikin wata 3 daga ranar sanarwar, a majami'ar da take da lasisi, a gaban shaidu aƙalla 2. Irin wannan aure na mace ɗaya ne, ƙara wata a kansa laifi ne a doka, kuma babbar kotu ce kaɗai take iya raba shi, bisa dokar shari'un aure ta 1970. Ya ja kunnen matasan su tambaya ko majami'arsu tana da lasisi, domin albarkar da fasto ya sa a kan auren gargajiya abu ne mai daraja a gaban Allah amma ba ita ce takardar gwamnati ba, kuma gwauraye da yawa ba sa gane bambancin sai ranar da suka je neman haƙƙin mijinsu.

A kan shimfiɗar aure an raba maza da mata, an sallami iyaye da wakilai, saboda haka abin da zan faɗa daga bakin waɗanda suka zauna na ji shi. An karanta 1 Korintiyawa 7:3-5, wadda ta sa haƙƙin ya zama na ɓangare biyu, an kuma karanta Ibraniyawa 13:4 da ta ce a girmama aure. 'Yan matan sun ce Mama da ma'aikaciyar jinyar sun yi musu magana a fili, har da tazarar haihuwa da shayarwa. Samarin kuwa sun ce dattijon ya yi ta zagaye-zagaye da karin magana har lokaci ya ƙare, ba wanda ya ƙaru da komai. Wannan kuskure ne, domin jahilcin ango a wannan fanni amarya ce take biyan kuɗinsa. Abin da na ji da kunnena kuma na yaba shi ne darasin rashin haihuwa, inda aka ɗauko labarin Elkana da matarsa Hannatu, wadda ta daɗe ba ta haihu ba, daga 1 Sama'ila sura 1, aka ce idan shekara ta cika babu ciki to miji da mata su je asibiti tare, domin sau da yawa matsalar daga namiji take. An kuma faɗa a gaban surukai cewa ƙwayar namiji ce take tsayar da ko ɗa za a haifa ko 'ya, don haka a daina tsangwamar matar da ta jera 'ya'ya mata.

Inda na fita da ɓacin rai shi ne darasin saɓani. Farkonsa ya yi kyau, an yi maganar kada rana ta faɗi ana fushi kamar yadda Afisawa 4:26 ta ce, da kada a yi faɗa a gaban yara, da bambancin yafewa da yin shiru ana ƙullata. Akwai wani akwati da ake ajiyewa a bakin ƙofa domin tambayoyin da ba a son a san mai su, kuma a ranar aka zaro wata takarda wadda mai ita ta rubuta cewa wanda za ta aura ya taɓa marinta sau biyu, tana tambaya ko zai daina bayan aure. Dattijon da ke jagorantar darasin ya amsa da cewa aure haƙuri ne, ta riƙa lura da abin da yake ɓata masa rai, ta kuma dage da addu'a. Ban ga yadda za a kira wannan amsa ba face sakaci. Yarinya ta kawo kuka tun ƙofa tana buɗe, aka tura ta ciki. A mako na gaba Baba Rabaran ya dawo kan maganar da kansa, ya karanta Kolosiyawa 3:19 da ta hana maza nuna wa matansu ɗaci, da 1 Bitrus 3:7 da ta ce addu'ar mijin da bai girmama matarsa ba tana iya toshewa, ya ce duka zunubi ne kuma laifi ne a doka, wanda ya mari budurwa zai daki mata, kuma mai takardar ta zo ta ga Mama a asirce. Gyaran ya yi kyau, amma ya nuna cewa masu koyarwar ba su daidaita bakinsu a kan magana mafi haɗari ba. Har yanzu kuma ajin bai faɗa wa mace inda za ta kwana a daren da aka kore ta ko aka ji mata rauni ba, ko wa za ta kira, ko matakin da dattawan ikilisiya za su ɗauka a kan mijin. Koyarwar cewa Allah yana ƙin kisan aure, kamar yadda yake a Malakai sura 2, tana buƙatar a haɗa ta da abin da surar ta faɗa a kan mijin da ya ci amanar matar ƙuruciyarsa.

Taron ma'aurata na wata-wata bai kai ajin tsari ba. Mata sun fi maza yawa nesa ba kusa ba, da damina kuwa mazan sukan ɓace gaba ɗaya da sunan gona, sai taron ya koma kamar reshen Zumuntar Mata, ana yi wa waɗanda suka zo faɗan waɗanda ba su zo ba. Abin da ya fi amfani a cikinsa shi ne haɗa sababbin ma'aurata da tsofaffi, bisa ga Titus sura 2, ta yadda kowane sabon gida yake da wani gidan dattawa da zai iya kai wa kuka ba tare da maganar ta kai ga dangi ba. Uwargidana ta ce wannan kaɗai ya isa dalilin zuwa, ni ma na yarda. Amma taron bai ce komai ba game da iyalan da rashin tsaro ya koro daga yankunan Danko-Wasagu da Sakaba, waɗanda suke zaune a gidajen 'yan'uwa, miji da mata da yara a ɗaki ɗaya, maigida babu gona babu sana'a. Irin nauyin da wannan yake ɗora wa aure ba ya cikin ɗan littafin, alhali mutanen suna zaune a benci ɗaya da mu ranar Lahadi.

Ɗan littafin kansa da Turanci yake, hoton wani tsohon bugu ne da ya dushe, misalansa kuma na mutanen da suke da asusun banki na haɗin gwiwa da hutun shekara ne, ba na mai noman dawa a Dabai ko mai sayar da hatsi a Ribah ba. Tun da da Hausa ake koyarwa, ya kamata a rubuta abin da Mama da ma'aikaciyar jinyar suke faɗa a buga shi yadda yake. Akwai kuma batun sirri: sakamakon gwaji yana bi ta hannun sakataren kwamiti kafin ya kai ga Baba Rabaran, a garin da kowa ya san kowa, kuma hannu ɗaya ya isa ga irin wannan takarda.

Wanda yake da niyyar shiga, ko iyayen da ɗansu ya fara maganar aure, su je su yi rajista kafin a kai kayan gaisuwa, majami'ar tana karɓa ko da ba a sa rana ba, har da 'yan wasu ɗariku idan sun zo da takarda daga fastonsu. Gwajin sikila a yi shi a wuri biyu dabam, domin ana samun kuskure a ƙananan ɗakunan gwaji. Ana buɗe sabon aji bayan an gama girbi, sa'an nan a sake buɗe wani kafin saukar damina, waɗanda suke zuwa daga ƙauyukan Fakai ko Sakaba kuma su nemi wurin kwana a gari, domin darasi yakan kai faɗuwar rana kuma hanyoyin ba na tafiyar dare ba ne.